Bido dubu biyu a yini: lissafin ciyawar fili a Yamai

Wata ranar Afrilu, wajen ƙarfe ɗaya, na tsaya a ƙofar wata ma'aikata a unguwar Plateau ina jiran abokina. Wani dattijo mai gadi, wanda aka haɗa masa da aikin ban-ruwa, yana riƙe da tiyo yana fesa wa wani ɗan filin gazon, wato ciyawar ado, da bai wuce shimfiɗar tabarma goma ba. Ruwan na sauka, ƙasa na huci. Na ce, "Baba, sannu da aiki. Ba a bari sai rana ta yi sanyi?" Ya ce, "Ɗana, da safe na ba ta, da la'asar ma zan ƙara. In ta bushe ni za a tambaya." A bakin titi kuma ga ɗan garuwa yana tura kurarsa zuwa gidajen da pampo bai kai ba.

Dattijon ba shi da laifi. An ba shi amanar shuka, ba a gaya masa abin da take ci da abin da take sha ba. Kuma haka muke yi da ciyawar fili kusan ko'ina, daga farfajiyar ofis har filin ƙwallo. Muna ɗaukar ta kamar fenti, abin da ake shafawa sau ɗaya a ga kore a wuce, alhali amfanin gona ce mai rai, kuma a cikin duk abin da ake shukawa a ƙasar nan da wuya a samu wanda ake wahalarwa kamarta. Ana yanke ta kowane mako, ana tattaka ta da takalmi mai ƙusa, sannan ana so ta zauna kore shar wata goma sha biyu a garin da ruwan sama ke sauka wata huɗu.

A wasu ƙasashe wannan fanni ne na ilimi mai zaman kansa. Ingila ta buɗe cibiyar binciken ciyawar filayen wasa a garin Bingley tun 1929. Don gasar cin kofin duniya ta 2026, FIFA ta ɗauki nauyin bincike na shekaru a jami'ar Tennessee da jami'ar jihar Michigan a Amurka, don kawai ƙwallo ta riƙa gudu da tsalle iri ɗaya a filaye 16 masu yanayi daban-daban. Mu kuma mun ɗanɗana ɗacin rashinsa. Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2005, da gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17 a 2015, da ta ƴan ƙasa da 20 a 2019, amma daga baya sai ga Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu, tana karɓar baƙinta a Kwatano da Maroko saboda ƙa'idojin da CAF ta gindaya wa filaye, kuma ingancin ciyawa na cikin waɗannan ƙa'idoji. Wanda ya taɓa zama a filin Janar Seyni Kountché ranar da ya cika ya san abin da aka rasa.

Mu fara da ruwa, domin a nan maganar take.

Filin ƙwallo na ƙa'ida tsawonsa mita 105, faɗinsa 68, wato murabba'in mita 7,140. Ruwa mai zurfin milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne cif. Ke nan kowace milimita da aka zuba wa filin lita 7,140 ce. Masana suna auna ƙishin wuri ta hanyar lissafa ruwan da rana da iska ke zuƙewa daga ƙasa da ganye a yini, kuma a bazarar Yamai wannan yakan kai milimita 8. Ciyawa mai jure zafi ba ta buƙatar a mayar mata da duka, kashi 60 zuwa 80 cikin 100 ya ishe ta. In an buga lissafi za a tashi da kusan lita 40,000 a yini. Bido mai lita 20 guda 2,000 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke buƙata a yini, don haka fili guda a watan Afrilu yana shan rabon mutum 2,000. Wannan ma in tiyo ba ya yoyo, iska ba ta kwashe feshin ba, kuma ba a yi ban-ruwa da tsakar rana ba.

A shekara, ruwan saman Yamai yana tsakanin milimita 500 da 600, Tawa kuma ba ta cika kai 400 ba, alhali ƙishin sararin samaniyarmu ya haura milimita 2,000. Giɓin daga kogi zai fito ko daga rijiya. Manya sun tuna 1985, shekarar da kogin Kwara ya tsaya da gudu a Yamai.

Ban kawo wannan lissafi don a ce a bar ciyawa ba. Ina so a samu filin da yaro zai faɗi bai kuje gwiwa ba, ina so Mena ta buga a gida. Amma wanda zai zuba bido 2,000 a yini wajibi ne ya san a kan me yake zubawa.

Abu na farko shi ne iri. Ganyen kowace shuka yana da ƴan kafofi da ido ba ya gani. Ta nan take shaƙar iskar kabon da take haɗa abincinta, kuma ta nan ruwa ke gudu daga jikinta. Duk lokacin da ta buɗe baki don ta ci, sai ta yi asarar ruwa. A 1966 wasu masana biyu a Ostareliya, Hatch da Slack, suka bayyana yadda rake ke kauce wa wannan tarko. Yana tara iskar kabon a wani ɗaki na cikin ganye har ta yi kauri, don haka ba sai ya wangale kafofinsa ba. Ana kiran shuke-shuke masu wannan dabara C4, sauran kuma C3. Gero, dawa, masara da rake duk C4 ne. Alkama da shinkafa C3 ne. Manominmu bai buƙaci haruffan ba, ya daɗe da sanin cewa alkama sai da ɗari, gero kuma yana son rana. Haka ciyawar fili ta rabu gida biyu. Ta ƙasashen sanyi, wadda muke gani a filayen Ingila a talabijin, tana jin daɗi tsakanin digiri 15 da 24. Ta ƙasashen zafi tana bunƙasa tsakanin 27 da 35, kuma da ruwa daidai gwargwado tana yin ganyen da ya kusa ninka na waccan. Wanda ya sayi irin da aka haɗa don lambunan Faransa ya watsa a Yamai cikin Disamba zai ga tsiro mai ban sha'awa, ya yi murna, sannan Afrilu ya zo ya ƙone shi ƙurmus, ko da kuwa ana ba shi ruwa sau uku a yini. Alkama ce aka shuka da bazara.

Sarauniyar ciyawar zafi a filayen duniya kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kiri-kiri ce, wadda masu garka a bakin kogi ke tsinewa saboda yadda take rarrafe ta shaƙe albasa da salati, in an cire ta a nan ta ɓullo a can. Amurkawa suna kiranta ciyawar Bamuda, amma daga wannan ɓangaren duniya namu aka kai musu ita. Halin da ya sa ta zama annoba a garka shi ne ya sa ta zama zinariya a fili, domin tana miƙa jijiya ta saman ƙasa da ta ƙarƙashi, in ƙafa ta kankare wuri sai ta rarrafo ta rufe da kanta.

Wani masani mai suna Glenn Burton, a tashar bincike ta Tifton a jihar Jojiya, shi ya shafe rayuwarsa a kanta. Aka aurar da kiri-kiri da wata ƴar'uwarta mai siririn ganye daga Afirka ta Kudu, aka samu Tifgreen a 1956, sannan Tifway a 1960, wadda har yau ake shimfiɗawa a filayen ƙwallo na ƙasashen zafi. Abin da ya fi taɓa ni a tarihin mutumin nan shi ne cewa masanin gero ne. Wani layin gero da ya fitar a Tifton shi ya ba Indiya damar samar da geronta na farko mai aure a 1965. Ilimin da ke gyara ciyawar fili da wanda ke cika rumbu ilimi ɗaya ne, sau da yawa ma hannu ɗaya ne ke yin su. Daga wannan tasha aka fitar da TifTuf shekaru kusan goma da suka wuce, bayan an lura cewa ita ce ke riƙe korenta lokacin da sauran suka yi yaushi a filin gwaji.

Sai dai waɗannan ƴaƴan aure ba sa yin ƙwaya mai tsiro. Da yanka ake dasa su, kamar dankali ko rogo, wanda ke nufin sai ƙasa tana da gandun renonsu kusa, in wuri ya lalace a yanko a cike. Kuma ƴan gata ne, suna son taki a kai a kai da aski sau biyu ko uku a mako da inji mai kaifi. Filin da aka shimfiɗa wa Tifway ba tare da kasafin kula da ita ba, cikin shekara biyu aya-aya da guɗe-guɗe za su gaje shi. Kiri-kirin gida ganyenta ya fi kauri, ba ta kai su kyau ba, amma ta fi su haƙuri da talauci. Ga filin makaranta ko na unguwa, ita zan zaɓa ba tare da na yi dogon tunani ba. Inuwa ce kawai ba ta so, kuma shi ya sa duk wanda ya yi ƙoƙarin raya ta a gindin dogon yaro ya sha kunya.

Abu na biyu, wanda ido ba ya gani, shi ne abin da ke ƙarƙashi. A 2006 da 2007 masu bincike a San Antonio ta jihar Texas suka yi wani gwaji da nake so kowane mai kwangilar fili ya sani. Suka dasa ire-iren ciyawar zafi kashi biyu, wasu a kan ƙasa mai zurfi, wasu a kan ƙasa mai santimita 10 kacal, sannan suka hana su ruwa kwana 60 a tsakiyar zafi. Na kan ƙasa mai zurfi suka bushe kamar sun mutu, da aka dawo da ruwa suka farfaɗo. Na kan santimita 10 suka mutu murus. Iri ɗaya, rana ɗaya, zurfi ne kawai ya raba su. Yanzu a tuna yadda ake yi a nan, a zuba ƴar baƙar ƙasa tafin hannu ɗaya a kan marmara ko ɓaraguzan gini, a dasa gazon, a ɗauki hoto ranar buɗewa. Irin wannan fili ba shi da rumbu. Abin da ya sha da safe shi zai ci kafin azahar, kuma shi ya sa dattijon Plateau ba ya iya ajiye tiyo.

Tsarin da duniya ta fi bi ya fito ne daga hukumar wasan golf ta Amurka a 1960: rairayi mai zurfin santimita 30, ƙarƙashinsa tsakuwa santimita 10, ƙarƙashinta bututun fitar da ruwa. Rairayi ba ya danƙarewa in an taka shi kamar yadda laka ke yi. Tsakuwar kuma tana yin wani aiki da ba a zato, ruwa ba ya zarcewa daga rairayi zuwa cikinta sai rairayin ya ƙoshi, don haka damshi yana tsayawa inda jijiya take, rarar kuma ta wuce. Mai karatu zai ce in rairayi ne ai Allah ya hore mana. Amma wanda ake nema mai ɗan gautsi ne, akasarin ƙwayoyinsa tsakanin rubu'in milimita da milimita ɗaya, irin na cikin korama. Rairayin tudu da iska ta tara ya yi laushi da yawa, yana yin ɓawo a sama ya hana ruwa shiga. Ga kuma ƙurar hunturu da ke sauka kowace shekara tana cike ƴan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin. Shi ya sa fili ke buƙatar a riƙa huda shi da ƙarafa ana cika hudojin da sabon rairayi. In an bar wannan, hadarin Agusta guda ɗaya ya isa ya mayar da shi tafki. A Satumban 2023 an dakatar da wasan sada zumunci tsakanin Kwaddibuwa da Mali a sabon filin Ebimpé na kusa da Abijan saboda ruwa ya kwanta a kan ciyawa, kuma ba kuɗi aka rasa wajen gina shi ba.

Rairayi santimita 30 ba ya riƙe fiye da milimita 15 zuwa 30 na ruwan da shuka za ta iya tsotsa. Shawarar littattafan Turai ta a ba da ruwa sau ɗaya a mako ba za ta yi aiki a bazararmu ba. Yayyafi sau uku a yini shi ma ɓarna ne, domin yana koya wa jijiya zama a sama inda ƙasa ta fi zafi. Abin da ya dace shi ne ban-ruwa mai ratsa ƙasa da asuba, lokacin da iska ta kwanta, kullum ko bayan kwana biyu gwargwadon zafi. Kuma auna shi ba ya buƙatar na'ura. A jera gwangwanayen madara a wurare daban-daban na filin, a kunna feshi minti 15, a auna zurfin ruwan kowane gwangwani da abin awo na ƴan makaranta. Nan take za a ga milimita nawa ake zubawa, a kuma ga kusurwar da ke nutsewa da wadda ke ƙishi.

Maganar aski gajeriya ce, kuma makiyayi ya riga masani saninta. A 1955 Franklin Crider na ma'aikatar noman Amurka ya nuna cewa in aka cire fiye da rabin ganyen ciyawa a lokaci guda, jijiyarta takan tsaya da girma na kwanaki. Daga nan aka samo ƙa'idar kada a yanke fiye da sulusi. Barin ciyawa ta yi wata guda sannan a yi mata ƙwal-kwabo jajibirin wasa daidai yake da sakin garke a makiyaya ɗaya har ƙasa ta bayyana.

Taki ma haka. Rairayi ba ya riƙe yuriya, in aka zuba buhu a tashi ɗaya rabinsa zai bi ruwa ya gangara, kuma bincike ya daɗe da nuna cewa rijiyoyin Yamai marasa zurfi sun riga sun yi nauyi da sinadarin naitiret. Kaɗan-kaɗan a kai a kai shi ne daidai, tamkar dabarar ɗan taki a gindin shuka da masanan cibiyoyin binciken noma na INRAN da ICRISAT a Sadoré suka yaɗa wa manoman gero. Ƙasarmu kuma tana fama da ƙarancin fosfo, abincin jijiya, ga shi kuwa muna da dutsen fosfat a jihar Tawa wanda ke narkewa a hankali cikin ƙasa mai tsami. A gauraya garinsa da ruɓaɓɓen takin gida tun ranar da ake shimfiɗa ƙasar fili, kafin a dasa ko tsinke ɗaya.

To me zai hana a huta, a shimfiɗa ta roba? Tambaya ce mai ma'ana, kuma a filin da ƙungiyoyi goma ke atisaye kullum babu ciyawa mai rai da za ta jure. Amma roba ba ta gumi. Ciyawa tana sanyaya kanta da ruwan da take fitarwa, roba kuwa tara zafi take yi. A 2002 an auna saman filin roba na jami'ar Brigham Young a Amurka ya kai digiri 93 a ranar da iska ke digiri 37. Mu nan 37 sassauci ne. In an fesa mata ruwa takan yi sanyi na ɗan lokaci ta koma. Ke nan daga hantsi zuwa la'asar, watanni da dama a shekara, filin ba ya takuwa. Bayan shekara 8 zuwa 10 kuma sai an ɗaye ta an sayo sabuwa daga waje, tsohuwar ta zama tulin shara. Tarayyar Turai ma ta yanke a 2023 cewa daga 2031 za a daina sayar da ɓarɓashin robar da ake cusawa a irin waɗannan filaye. Ra'ayina, roba ta dace da filin atisaye mai fitilu da ake amfani da shi da safe da dare. Babban filin ƙasa kuwa ciyawa mai rai ya cancanta, tare da ma'aikatan da aka horar da kasafin da ba ya yankewa.

Inda nake da tsauri shi ne ciyawar da ba mai taka ta. Wani bincike da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam a 2005 ya ƙiyasta cewa ciyawar ado da ta wasa a Amurka ta rufe kusan murabba'in kilomita 163,000, abin da ya fi jihar Tawa faɗi. Yau jihohinsu na hamada suna ja da baya. A 2021 Nevada ta kafa dokar da ta tilasta cire ciyawar da ba ta da aiki a yankin Las Vegas, wato ta tsakiyar titi da shataletale da gaban ofisoshi, wadda ba mai sa ƙafa a kanta sai mai aski. Las Vegas tana da arzikin da ba mu da shi, amma ta ga ba za ta iya ba. Lokacin shirin taron Tarayyar Afirka na Yulin 2019 an ƙawata Yamai, kuma na ji daɗin ganin garina ya yi kyau. Sai dai kore ba gazon kaɗai ba ne. Koren zoben dogon yaro da aka fara dasawa kewaye da birnin a 1965 yana tsaye ba tare da tiyo ba, duk da cin da gine-gine ke yi masa. Shataletale zai yi kyau da itatuwa, da tsakuwa, da kututtukan gamba ko jema waɗanda ke bushewa da rani su tsiro da ruwan farko. Ruwan da aka tsimi a can sai a kai shi filin makaranta, inda ciyawa ke kwantar da ƙura, ta rage zafi, ta tare gwiwar yaro.

Akwai kuma ruwan da aka riga aka yi amfani da shi. Ciyawar fili ba cin ta ake yi ba, don haka ita ta fi kowace shuka dacewa da ruwan kwata da aka tace, fiye da salatin da ake nomawa da ruwan koramar Gunti Yena ta cikin Yamai a ci shi ɗanye. Irin wannan ruwa yakan zo da gishiri, kuma akwai ciyawar da ta ƙware a nan, paspalum ta bakin teku, wadda Katar ta shimfiɗa a filayenta na gasar 2022.

Duk gwaje-gwajen ciyawar da na ambata an yi su ne a Amurka, Ingila da Ostareliya. Farin Texas kwana 60 ne, namu wata takwas. Ba su san gara irin tamu ba, ba su san ƙurar hunturu ba. Sakamakonsu yana nuna mana inda za mu duba, amma adadin da mai ban-ruwa a Yamai zai yi aiki da shi sai an auna shi a Yamai. Kuma kayan aikin suna nan. Cibiyar AGRHYMET tana tattara bayanan yanayi tun 1974, ita za ta iya faɗin ƙishin kowane mako na shekara. Tsangayar aikin gona ta jami'ar Abdou Moumouni tana da ɗalibai masu neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. Abin da ake buƙata bai wuce rabin eka da rijiya ɗaya ba. A zagaya bakin kogi daga Ayoru zuwa Gaya, da tafkin Tabalak, da Madarunfa, da ƙasar kanwa ta Dallol Bosso, duk inda aka ga kiri-kiri ta rayu a ƙarƙashin kofaton shanu a yanko ta. A dasa kowace a ɗan fili mita biyu-biyu, kusa da Tifway da paspalum. A raba su kashi uku, wasu a ba su cikakken ruwa, wasu rabi, wasu a yanke musu tun farkon Maris. A sa ƴan ƙwallon unguwa su riƙa taka rabin kowane fili. Sannan a riƙa rubutawa kowane mako har saukar damina: wacce ta fara yaushi, wacce ta rufe gurbin da aka kankare, wacce gara ta ci, kuma a cikin waɗanda aka hana ruwa, wacce ta tashi bayan ruwan farko na Yuni.